Shekarar da Kawu Ya Jira Asabar

Kawuna magini ne, amma ba wanda yake ce masa magini. Mai Shebur ake kiransa, yara da manya. Wan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi tun ina 'yar shekara shida. Shi ya riƙa kai ni firamare a bayan kekensa, shi ya tsaya mini har na gama jami'a na dawo da digiri a aikin jarida, na koma ɗakin da na bari ina jiran aikin da har yau bai zo ba. Tun ranar da na dawo ya ajiye sunana. Digiri yake ce mini. "Digiri, miƙo mini buta." "Digiri, wannan akuyar ta ci mini takalmi, a rubuta a jarida." Matarsa, wadda nake kira Inna, takan ce ya bar ni in sha iska, shi kuwa ya ce ai wahala ya sha kafin ya samu mai digiri a gida, sai ya more.

Titi ne ya raba garinmu biyu. Kasuwa da makaranta suna sama, mu muna ƙasa, a unguwar gangare. Duk ruwan da ya sauka a sama sai ya gangaro ya taru a jikin titin, ya bi ta kwalbati ya faɗa kwarin da ya kewaye unguwarmu ya wuce. Kwalbatin ba wani abu ba ne, bututu biyu ne na siminti a ƙarƙashin titi, faɗin kowanne daidai mutum ya shiga da rarrafe. Kafin damina ta zo sun cika da yashi da leda da tsumma da duk abin da kasuwa ta zubar a shekara. In suka toshe, ruwa ba shi da hanya sai ya hau kan titi ya zubo a kan gidajen farko.

Ban taɓa ganin hakan ya faru ba a duk tasowata, kuma na san dalili, domin a gidanmu dalilin yake kwana. Kowace shekara, da gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, Kawu yakan ce damina ta kusa. Ya taɓa faɗowa daga kan gini, tun lokacin gwiwar take gaya masa ruwa kafin hadari ya gaya wa kowa. Washegari da an idar da sallar asuba zai ɗauki wani shebur da ya yanke wa ƙota ya zama gajere, da bokiti, da tocila, da igiya. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, Inna ta riƙe ɗaya bakin daga waje. Ya shiga da ciki yana kwasa, in bokiti ya cika ya turo shi baya da ƙafa, ta ja ta zubar. In ya ja igiya sau ɗaya, lafiya. Sau biyu, ta jawo shi, numfashi ya yi wuya. Safiya huɗu aikin yake ci, biyu a kowane bututu. Kafin 'yan kasuwa su fara wucewa ya dawo gida ya yi wanka ya tafi wurin gininsa. Shekara goma sha tara yana wannan. Ba ɓoyewa yake yi ba. Shi dai a ganinsa da sassafe ake aikin ƙazanta, kuma ba a ba da labarinsa a majalisa.

Garinmu yana da kwamiti na mutum bakwai, kowace unguwa wakili ɗaya, ana zaɓe duk bayan shekara uku. Sau biyu gangare tana tura Kawu. Dokar kwamitin ita ce ayyuka bi da bi ake yi, unguwa bayan unguwa, kuma wakilin unguwa ne yake faɗin aikin da za a yi idan layi ya zo kansa. Shekara shida Kawu yana zuwa taro da magana ɗaya: a fasa bututun nan a gina kwalbati babba. Har shugaban kwamiti yakan tare shi tun daga ƙofa, "Mai Shebur, yau ma bututu ne, ko ka zo mana da sabon labari?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, bututu ne, amma na sake masa riga." A yi dariya, a wuce. An rufa wa makaranta kwano, an haƙa wa wata unguwa rijiyar burtsatse, an gyara mahauta. A wannan zangon ne layi ya zo kan gangare. Duk wanda muka zaɓa, aikinsa za a yi. In aka wuce mu, sai bayan shekaru masu yawa.

Sai ga Mai Kemis, mai shagon magani a unguwarmu, ya fito takara. Saurayi ne mai tsabta, mai fara'a, kuma ba zan ce mugu ba ne, domin ba mugu ba ne. Fitilun sola ya ce zai kawo, tun daga bakin titi har ƙarshen unguwa. Ya buga fosta mai launi, ya liƙa har a jikin bangon gidanmu. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon hoton ya ce, "Yaron nan ya yi kyau, wallahi. Ni ma da na ga wannan zan zaɓe shi."

Ni abin bai ba ni dariya ba. A bakin famfo na ji wata maƙwabciyarmu tana cewa, "Shekara shida bututu, bututu. Wane ruwa ne ya taɓa cin mu? Mu dai a ba mu haske." Sauran matan suka ce gaskiya ne. Na dawo gida da bokiti rabi, raina a ɓace.

Ranar Litinin ce, zaɓe kuma Lahadi mai zuwa. Na tarar da Kawu a tsakar gida yana shafa wa gwiwa man zafi, gajeren shebur a jingine kusa da shi. Ya ce, "Ta fara magana, Digiri. Gobe za mu shiga."

Na ce, "Kawu, kada ka shiga gobe."

Inna ta ɗago daga wankin da take yi.

Na zauna na yi musu bayani kamar yadda aka koya mana a aji. Na ce aikin da ba a gani ba, a wurin masu zaɓe ba a yi shi ba. Na ce mutanen nan ba su san me ke cikin bututun ba, shi ya sa suke ganin kamar Allah ne kawai yake tsare su ba tare da hannun kowa ba. Na ce ya bari sai Asabar, jajibirin zaɓe, da rana tsaka. In gayyato mutanen unguwa, su tsaya su ga tulin ƙazantar da zai fito da ita, su gan shi da igiya a ƙugu, in ɗauki hoto da bidiyo in tura wa kowa a waya. Na ce tulin nan shi ne fostarsa.

Ya ce, "In yi rarrafe a cikin kwata mutane suna kallona?"

"Shekara goma sha tara kana yi don su, Kawu. Su gani sau ɗaya."

"To gwiwar fa?"

Na buɗe wayata na nuna masa hasashen yanayi. Rana, rana, rana, har kwana goma a jere. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana kallon 'yan hotunan ranar nan masu ruwan ɗorawa.

Inna ta ce, "Ni dai ban san waya ba. Gwiwar nan na sani. Ba ta taɓa yi mana ƙarya ba."

Kawu ya ce, "Ke, tsohuwa, gwiwa ce da digiri ko yarinya?" Ya yi dariya, ya miƙo mini wayar. "Mun kai ta makaranta don ta san abin da ba mu sani ba. In ba za mu ji maganarta ba, me ya sa muka kai ta?" Ya ɗauki shebur ɗin ya mayar bayan ƙofa.

Wannan maganar ce take hana ni sukuni har yau. Ba don zaɓe ya yarda ba, ko kuma ba don zaɓe kaɗai ba. Don ni ya yarda.

Talata da Laraba rana ta yi zafi kamar yadda waya ta ce. Na bi gida gida ina gayyata, ina cewa Asabar a zo bakin kwalbati akwai abin gani. Kawu yana ɗingishi fiye da kullum. Sau biyu na gan shi ya tsaya a ƙofar gida yana kallon gabas.

Alhamis bayan azahar iska ta tsaya cik. Kaji suka shige ƙarƙashin rumfa. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Na fito da wayata, har lokacin hoton rana take nunawa. Kawu yana wurin gini a can saman gari. Inna ta dube ni sau ɗaya, ta shiga kwashe shanya.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, ko kuma ban taɓa tsayawa na kalli ruwa da irin wannan idon ba. Cikin rabin awa muka ji ihu daga bakin titi. Na fita babu takalmi. Bayan titin ya zama tafki, ledoji da kwanduna da tumatirin 'yan kasuwa suna juyi a bakin bututun, babu abin da yake shiga. Ina tsaye ruwan ya hau kan kwalta, ya tsallaka a hankali kamar mai neman hanya, sannan ya zubo gaba ɗaya a kan gida na farko.

Gidan Tela ne. Shagonsa yana gaba, ɗakuna a baya. Mahaifinsa tsoho ne da shanyewar jiki ta kwantar shekara uku, yana ɗakin da yake jingine da gangaren titi, a kan katifa a ƙasa. Tela ya fito da 'ya'yansa, ya koma ya ɗauko keken ɗinki, yana cewa bari ya ajiye ya dawo wa Tsoho, tunda ɗakinsa yana da dakali ruwa ba zai yi saurin shiga ba. Ba ta ƙofa ruwan ya shiga ba. Bangon baya ya jiƙa ya kwanta.

Ban san lokacin da Kawu ya iso ba. Na dai gan shi a cikin ruwa har ƙugu, da babban shebur ɗin wurin gini, yana haƙa yana kiran tsohon, "Baba! Baba, ga mu nan!" Maza suka taru suna ɗaga tubali da hannu. Kawu ne ya fara taɓa ƙafar tsohon. Sun fito da shi da rai, aka sa shi a motar wani mai ɗaukar kaya zuwa asibiti. Ya cika kafin su kai.

Ana cikin ruwan Kawu ya wuce ni, ya hau titi, ya nufi bakin bututun yana neman ya nitsa ya buɗe shi da hannu. Mutum uku ne suka riƙe shi. Inna tana ta faɗin, "Babu igiya, Malam, babu igiya!"

Ranar Juma'a muka je gaisuwa. A nan na ji abin da ban zata ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Mai Shebur ya daɗe yana faɗa." Matar nan ta bakin famfo ta riƙe hannun Inna tana kuka, ta ce sun yi wa Kawu rashin adalci. Shugaban kwamiti ya zo ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Mun yi ta yi maka dariya, ka yafe mu." Tela da kansa, idonsa jawur, ya ce, "Kawu, da an ji maganarka da Tsoho yana nan. Ni da gidana kai za mu zaɓa." Har Mai Kemis ya aiko a ce masa yana tunanin janyewa. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa bana ta bambanta da sauran shekaru. Sun ɗauka ruwa ne ya yi yawa. Ba su san ana kwashe bututun ba, balle su san bana ba a kwashe ba. Gayyatar da na yi ta Asabar ma ba wanda ya haɗa ta da komai.

Kawu yana zaune a gefe. Kai kawai yake gyaɗawa.

Asabar da asuba ya shiga bututun, Inna da igiya, babu kowa a wurin. Ni ina ɗaki na kasa fita. Da ya dawo na same shi yana wanke shebur. Na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, don Allah gobe kada ka ce komai. Ka ci zaɓen nan ka gina kwalbatin. Shi ne kaɗai abin da zai gyara wani abu."

Ya ci gaba da goge laka da tsumma.

Na ce, "In kuma dole sai an faɗa, ni zan faɗa. Ni na hana ka."

Ya ce, "Ke kika ɗaura mini igiya a ƙafa?"

"A'a, amma..."

"Gwiwar a jikin wa take?"

Na dubi gwiwar tasa.

"To tashi ki ci abinci, Digiri." Wannan ne karo na farko da sunan bai zo da wasa ba.

A ajin 'yan firamare shida aka yi taron zaɓen, bayan la'asar. Manya a matse a kan bencin yara, gwiwoyi suna taɓa tebur, mata a baya da bakin taga. A kan allo akwai lissafin da malami bai goge ba. An ajiye akwati a kan teburin malami, kowa zai rubuta ko ya dangwala ya jefa. Mai Kemis bai janye ba, amma ya yi magana gajera, ya ce ko wa ya ci a yi wa unguwa aiki. Aka tafa masa kaɗan. Da aka kira Kawu ajin ya ɗauki sowa tun kafin ya miƙe.

Ya tsaya ya riƙe hularsa a hannu. Ya ce, "Jama'a, ban iya magana ba, kun sani. Bututun nan, shekara goma sha tara ni nake kwashe shi kafin damina, ni da matata. Shi ya sa ruwa bai taɓa cin ku ba. Bana ranar Litinin na san ruwa yana hanya. Na bari sai Asabar don ku gan ni ina yi, a ɗauki hoto, ku zaɓe ni. Da na shiga ranar Talata kamar yadda na saba, kafin ruwan Alhamis na gama ɗaya na ci rabin ɗayan. Ban ce ruwa ba zai taru ba. Amma ba zai hau titi ba. Wannan na sani. Ban so ku jefa mini ƙuri'a ba ku san shi ba. Kwalbatin kuma har yanzu yana bukatar gini, ko ni ko wani."

Ya koma ya zauna. Ina jin kukan wata akuya a bayan aji.

Tela ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya ce, "Wato ranar Juma'a da na riƙe hannunka ina maka godiya, ka sani?"

"Na sani."

"Ka ci abincin gaisuwar ubana ka sani?"

"Ban ci ba. Amma na zauna."

"Don hoto?"

Kawu ya ce, "Don hoto."

Ina bayan aji, wayata a hannu. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Inna ta danƙe mini hannu har farcenta ya shiga, ba ta ko dube ni ba. Zan iya fizgewa. Ban fizge ba. Wannan ma ina so a rubuta shi.

Wani dattijo daga gefe ya ce, "To shekara goma sha taran fa? Ba a lissafa masa?" Wani saurayi ya ce, "A lissafa wa Tela." Daga nan hayaniya ta tashi, shugaban kwamiti yana buga tebur da abin goge allo har ƙurar alli ta tashi. Tela ya fita bai jefa komai ba, 'yan uwansa suka bi shi.

Mai Kemis ya ci, da tazara mai yawa. Ya zo ya gaisa da Kawu hannu biyu, ya ce zai duba maganar kwalbati. Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma fitila ya yi wa mutane alkawari, kuma bayan abin da ya faru mutane da yawa suka ce ashe bututun lafiyarsa lau in dai ana kwashewa, sai a sa wani ya riƙa kwashewa. Ba a ce wa ba. Kwamiti ya rubuta fitilun sola a matsayin aikin gangare. An kafa su kafin damina ta fita. Guda ɗaya tana daidai bakin kwalbati.

Wata biyar ke nan. Tela ya sake gina bangonsa, wani magini ya kira daga saman gari. In sun haɗu da Kawu a hanya, Kawu ya yi sallama, Tela ya amsa ciki ciki ya wuce. Aikin gini ya ja baya a unguwa, yanzu sai ya hau keke ya tafi nesa. Ya daina zuwa majalisar ƙofar shagon mai shayi, ba don an kore shi ba, don in ya zauna hira takan mutu. Ya rame. Akuyar nan ta sake cin takalminsa, bai ce a rubuta a jarida ba.

Ni kuma ko murfin tukunya ya faɗi sai in ɗauka tsawa ce. Na goge abin hasashen yanayi daga wayata, na sake saukewa, na sake gogewa. Sau uku ina zuwa ƙofar shagon Tela da yadi a leda kamar mai kawo ɗinki, in tsaya ina jin ƙarar kekensa, in juyo. Na gaya wa Kawu ina so in je in faɗa masa. Ya ce, "Ki je in kina so. Amma ki tabbata don shi za ki je, ba don ki samu barci ba." Har yanzu ban tabbata ba.

Bayan zaɓen, duk ruwan da aka yi mai ƙarfi sai yashi ya sake taruwa a bututun, shi kuma ya sake shiga. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Hannun Inna ya fara ciwo da jan bokiti. Wata safiya ta fito da igiyar a naɗe ta ajiye mini a ƙofar ɗaki, ta koma ciki.

Igiyar ta fi yadda na zata nauyi, kuma tana wari. Na tsaya a bakin bututun ina kallon tafin ƙafafunsa suna shigewa cikin duhu, fitilar Mai Kemis ba ta riga ta mutu ba a samanmu. Wata mata ta wuce da tulu, ta dube mu, ta kau da kai. Bokiti ya fito, na zubar, na mayar. Can sai igiyar ta tsaya, ba motsi. Na ƙirga har goma. Na ƙirga har ashirin. Na sunkuya na kira, "Kawu?" Muryata ta tafi ta dawo mini.

Sai ya ja sau ɗaya.